Yara Arba'in da Ba a Ƙidaya Ba

Takardar ta iso ranar Litinin, cikin farar ambulan mai hatimin hukumar ilimi. Hedimasta bai aika a kira Uwar Aji ba. Da kansa ya tako har ƙarshen baranda, inda ɗakinta yake, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira ta kai ƙarshen layin da yara suke bi a allo.

Uwar Aji suna ne da yara suka laƙaba mata, malamai suka ɗauka, har iyaye ma da shi suke nemanta. Shekararta ashirin da uku tana koyarwa a makarantar, amma biyun ƙarshen nan su ne suka fi kwanta mata a rai. A cikinsu aka ba ta wannan ɗaki, wanda a da ma'ajiyar karyayyun benci ne, aka ce ta tattara yaran da suka kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. Da ta ƙirga, su arba'in ne. Kowace safiya sukan baro azuzuwansu su zo wurinta, ashirin kafin hutun safe, ashirin bayansa. Ta manna baƙaƙe a bango, ta yanka kwali ta rubuta gajerun kalmomi, ta jera su cikin gwangwanaye bisa taga, kowane gwangwani da matakinsa.

Hedimasta yayan marigayin mijinta ne. A makaranta takan ce masa ranka ya daɗe, a gida kuma Yaya. Shi ma a makaranta Malama yake ce mata. Don haka da ta ji ya ce, "Ɗan fito mana, ƙanwata," sai ta san ba lafiya ba.

Ya miƙa mata takardar. Ta karanta a hankali, yadda take koya wa yara, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. Wasu masu bincike daga jami'a sun duba makarantu goma sha biyu da aka buɗe wa ajin karatu irin nata. Sun kwatanta makin jarrabawar ƙarshen shekara kafin a buɗe ajin da kuma bayan an buɗe. A makarantu tara makin ya sauka. Hukuma za ta zauna ranar Alhamis ta mako mai zuwa, kuma shawarar da ke gabanta ita ce a rufe azuzuwan duka a ƙarshen zango. An haɗo da shafi ɗaya mai jadawali. A layin makarantarsu an rubuta sittin da ɗaya, kusa da shi hamsin da uku.

"Ya sauka?" in ji ta. "Yaya, shigo ka ji da kunnenka."

"Ina jin su kullum ta taga. Har ni na haddace ba, bi, bu. Amma mutanen can ba da kunne suke aiki ba, lamba suke gani."

"To lambar ta yi ƙarya."

"Ki faɗa mata," in ji shi, ya juya ya tafi yana jan ƙafarsa mai ciwo.

Da yamma, bayan an yi la'asar, ta shimfiɗa takardar a kan tabarma ta zuba mata ido. 'Yarta ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ta shigo da jakar littattafai. Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, aikin gona take karantawa, kuma babu darasin da take kuka da shi kamar ƙididdiga.

"Inna, wannan kallon fa? Ko wasiƙar bazawari ce?"

"Bakinki ya fi ki girma. Zo ki duba min."

Auta ta durƙusa, ta bi jadawalin da yatsa. Ta wuce sittin da ɗaya, ta wuce hamsin da uku, ta tsaya a wani siririn layi na gefe da uwar ba ta kula da shi ba.

"Inna, makarantarku haihuwa ta yi?"

"Wace irin haihuwa kuma?"

"Ga shi nan. Wannan layin yawan yaran da suka zauna jarrabawa ne. A ta farko ɗari da arba'in. A ta biyu ɗari da tamanin. Ina kuka samo arba'in?"

Uwar Aji ta san inda aka samo su. Ba a samo su a ko'ina ba, dama suna nan.

Akwai wani abu da ake yi a makarantar tun kafin ta fara aiki, wanda babu wanda ya taɓa rubuta shi, kuma babu wanda ke ganinsa laifi. Ranar jarrabawar hukuma, da sassafe, kowane malami yakan ware yaran da ya san ba za su iya rubuta ko sunansu ba. Sai a ba su kwanduna a tura su filin ƙwallo na baya, can bayan banɗakuna, su yi ta tsintar leda da takarda har a tashi. Malamai suna ce musu 'yan fili. Yaran ma suna murna, don rana ce da ba wanda zai tsayar da su gaban allo a yi musu dariya. Malamai kuwa sukan ce tausayi ne: me ya sa za a zaunar da yaro awa biyu yana kallon takardar da ba ta ce masa komai? Makin makaranta kuma ba ya zubewa.

Da aka buɗe ajinta, a wurin horarwa an gaya musu cewa kowane yaro ya zauna jarrabawa. Ko ba a faɗa ba ma, da ta yi. A shekarar da ta wuce ta tsaya a ofishin Yaya ta ce 'ya'yanta ba za su je fili ba. Sun ja har ya gaji ya ce ta yi yadda ta ga dama. Da hannunta ta fiƙe fensir arba'in, ta jera yaran, ta raka su har ƙofar ɗakin jarrabawa. Ranar ba ta iya cin abincin rana ba don daɗi.

Duk wannan ta faɗa wa Auta, kanta a sunkuye.

Auta ta jawo biro ta juya bayan ambulan. "To ai shi ke nan, Inna. Wannan makin ba na yaro ɗaya ba ne. Tara na kowa ake yi, a raba da yawansu. Ki ɗauka ni da ke da babban yayana aka auna tsayinmu aka fitar da matsakaici. Gobe sai a kawo jariran maƙwabta biyu a haɗa da mu a sake aunawa. Matsakaicin zai sauka, amma wa ya gajarce a cikinmu?"

"Babu."

"To haka aka yi muku." Ta yi ɗan lissafi tana taunar murfin biron. "In ɗari da arba'in ɗin can suna nan a inda suke, to naki arba'in ɗin kowa ya ci kusan ashirin da biyar. Da can nawa za su ci?"

"Da can ko ta ina ake riƙe takardar ba su sani ba."

"Kin gani? Tashi suka yi, ba faɗuwa ba. Shigar da su da kika yi ne ya ja makin ƙasa."

Uwar Aji ta daɗe tana kallon lissafin. Wani sashe na zuciyarta ya yi sanyi, don ta tabbata ba a banza ta yi shekara biyu ba. Ɗaya sashen kuwa ya yi nauyi, don ta gane cewa da ta bar yaran sun tafi fili kamar kullum, da yanzu takardar yabo ce a kan tabarmar.

Ranar Laraba ta nemi izini ta hau mota zuwa jami'a. Sunan wanda ya jagoranci binciken, wani Dakta, yana ƙasan takardar, Auta kuma ta kwatanta mata ginin. Hawa na biyu, doguwar baranda mai ƙofofi iri ɗaya, ɗalibai zaune a ƙasa suna jiran malamansu. Ta yi sallama a ƙofa ta biyar.

Dakta bai kai yadda ta zata a shekaru ba, ba zai wuce sa'ar babban ɗanta ba. Ofishinsa ƙarami ne, kwalaye jibge har kusa da fanka, kowane kwali da sunan makaranta a jikinsa. Ya kwashe takardu daga kujera ya ce, "Zauna, Mama. Daga wace makaranta?"

Ta faɗa masa. Ya juya ga kwamfuta ya danna, ya ce, "Lamba bakwai. Kun sauka da maki takwas. Ki yi haƙuri, na san ba daɗi. Amma sau uku muka bi lissafin nan, ni da abokan aikina. Ba kuskure a ciki."

"Ban ce akwai kuskure a lissafinka ba, ɗana. Tambaya ɗaya na zo da ita. Arba'in ɗin da suka ƙaru, daga ina ka ce sun zo?"

"Sabbin shiga ne mana. Mun ma rubuta a rahoton cewa an samu ƙarin ɗalibai a yawancin makarantun. Abin farin ciki ne."

"Yaro arba'in su shigo aji huɗu a shekara ɗaya, a unguwar da ba a gina ko ɗaki ɗaya ba?"

Ya cire hannunsa daga kan kwamfutar.

Sai ta ba shi labarin kwanduna da filin baya. Ta faɗa masa dalla-dalla, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, ba ta kuma cire kanta ba. Ta ce ita ma shekara ashirin da ɗaya tana ware nata.

Dakta ya koma kan kwamfutar, ya jera makarantun goma sha biyu, ya sa yawan yara a gefen maki. Ta ga yana bi ɗaya bayan ɗaya da bakin biro a jikin gilashin. Makarantu tara da makinsu ya sauka, duk taran yawan yaransu ya tashi. Ukun da ba su sauka ba, yawansu bai motsa ba. Ya jingina da kujera ya dafe goshi.

"Ukun nan," in ji ta a hankali, "ina jin sun ci gaba da tura nasu fili."

"Su muka yaba," in ji shi. "Da suna muka yaba musu, a shafi na goma sha huɗu." Ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Mama, shekara tara na yi ana koya min yadda ake juya lambobi. Na iya hanyoyin da ko sunansu ba za ki so ji ba. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi yadda lambar ta zo hannuna ba. Fom muka aika, aka cike aka dawo mana da shi. Mun tambayi nawa suka zauna, ba mu tambayi nawa ne a ajin ba. Ni ko makaranta ɗaya ban taka ba ranar jarrabawa."

"To yanzu ka sani. Ka gyara."

"Ba haka ake gyarawa ba. Rahoto ya fita, da hannun Farfesa, shugaban sashenmu, a kai, da hatimin jami'a. In na je na ce wata malama ta faɗa min, za su ce wace malama? Sai in ce wadda za a rufe ajinta. Kin ga yadda zai kasance."

Ta buɗe jakarta ta fito da littafinta mai baƙin bango. A ciki ta rubuta kowane yaro, baƙi nawa ya sani ranar da ya zo, nawa ya sani bayan wata uku, ranar da ya fara karanta jimla. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba shafi bayan shafi.

"Wannan ya fi fom ɗinmu gaskiya," in ji shi. "Amma ke kika gwada, ke kika rubuta, kuma ba jarrabawa ɗaya ba ce. Ba za su karɓa ba. Abin da nake bukata takarda ce ta makaranta da ke nuna yaran nan arba'in suna ajin tun kafin jarrabawar farko. Rajista. In na ga sunayensu a rajistar waccan shekarar, na ga babu su a takardar jarrabawa, to ko Farfesa ba shi da ta cewa. Zan zo ranar Juma'a da safe."

Da ta dawo, kai tsaye ofishin Hedimasta ta wuce. Yana cike wasu takardu, tabarau a kan hanci. Ta faɗa masa inda ta je da wanda zai zo.

Ya ajiye biro. "Kin san abin da kike tonowa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Bar ranka ya daɗe ɗin nan, rufe ƙofa. Wata goma ya rage min in ajiye aiki. Malamai goma sha bakwai ne a nan, kowa ya ware yara, har ke. In aka ce an ɓoye ɗalibai, ba ajinki za a duba ba, wuyanmu za a duba."

"Yaya, su arba'in ne. A ƙasa da su akwai wasu arba'in suna tahowa."

"Na ce miki ban sani ba ne? Ni na ba ki ɗakin." Ya cire tabarau ya murza ido. "Bari ya zo. Ba zan hana shi ganin komai ba. Ɗan'uwana ba zai tashi ya ce na tozarta matarsa gaban baƙo ba."

Ranar Juma'a Dakta ya zo da ƙaramar jaka da na'urar ɗaukar hoto. Hedimasta ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya buɗe kabad ɗin ƙarfe ya ciro rajistar ajin yaran ta waccan shekarar. Ƙaton littafi ne mai koren bango, tsaf da shi kamar ba a taɓa buɗewa ba. Dakta ya buɗe ya fara ƙirga. Ya kai ƙarshe, ya koma farko ya sake.

"Ɗari da arba'in," in ji shi.

"Wannan mai tsabta ce," in ji Uwar Aji. "Ba ita ba. Ta kullum nake nufi, wadda ake kiran suna da ita kowace safiya."

Nan ma akwai yadda ake yi. Rajistar kullum takan yi datti, ta sha alli da gumi da ruwan sama, bangonta ya cire. Don haka kowace shekara, kafin masu duba makarantu su zo, akan sayi sabon littafi a kwafe sunaye da tawada. Kuma domin kada lissafi ya saɓa, sunayen da ke takardar jarrabawa su ake kwafewa. Uwar Aji ta san da wannan sarai. Abin da ta ɗauka shi ne tsohuwar tana nan ajiye a ƙasan kabad.

Hedimasta ya dube ta, ba fushi a fuskarsa. "Ƙanwata, ina ce kin sani. Da an kwafe, tsohuwar shara ce. Tare da sauran takardu ake ƙona ta a ƙarshen shekara." Ya wangale ƙofofin kabad ɗin duka biyu, ya miƙa mata makullin. "Duba da kanki."

Ta duba. Ta durƙusa ta fito da komai, tsofaffin takardun jarrabawa, kwalayen alli, wata tuta da asu ya ci, ƙararrawa marar mariƙi. Ta leƙa bayan kabad ɗin. Ta je ta buɗe akwatin da ke ɗakin malamai. Rajistoci masu tsabta tara ta samu, shekara bayan shekara, ba ta kullum ko ɗaya.

Da ta dawo, Dakta yana riƙe da koren littafin har yanzu. Kamar don ya rage nauyin shirun, ya ce, "Amma wanda ya rubuta wannan ya iya rubutu. Kamar da inji aka buga."

Hedimasta ya kawar da kai wajen taga.

"Ni ce," in ji Uwar Aji. "Duk taran ni na kwafe. Ni ake ba wa saboda hannuna ya fi kyau."

Ta tuna yadda takan zauna da rula da sabon biro, tana jin daɗin yadda layukan ke miƙewa. Takan ga ta tsallake sunan wane da wance, yaran da ta san iyayensu, ta san inda suke zama a aji. Ba ta taɓa jin ta goge kowa ba. A ganinta gyaran littafi take yi.

Dakta ya rufe rajistar a hankali. Ya ce duk da haka zai rubuta wa hukuma, zai nuna musu yadda yawan yara ya tashi a daidai inda maki ya sauka. Ya ce in aka samu malamai da yawa suka sa hannu a kan cewa ana tura yara fili, maganar za ta yi nauyi. Ya rubuta layi huɗu a farar takarda. Uwar Aji ta sa hannu a sama.

Ranar Litinin ta kai takardar ɗakin malamai lokacin hutun safe. Ta ajiye ta a tsakiyar tebur ta yi bayani. Malamin lissafi ya karanta ya tura wa na kusa da shi.

"Uwar Aji, ni fili ɗaya na sani, na ƙwallo, kuma ko shi gwiwata ta hana ni."

Aka yi dariya, wadda ba ta kai ciki ba. Wata malama da suka fara aiki shekara ɗaya ta riƙo hannunta ta ce, "Yaya, ki rufa mana asiri. 'Ya'yana biyar, ubansu ba ya aiki." Wani ya ce biro ɗinsa ya ƙare. Wani ya tuna ya bar aji ba kowa. Kafin a kaɗa ƙararrawa ɗakin ya watse, takardar tana nan da hannu ɗaya.

Ta kira malaman ajin karatu na sauran makarantun, waɗanda suka yi horo tare. Biyu ba su ɗauka ba. Ɗaya ta saurare ta har ƙarshe, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wallahi haka ne, haka aka yi a wurinmu. Amma kada ki ce na faɗa." Wani ya ce shi bai taɓa jin wannan abu ba, ya kashe waya.

Ranar Alhamis ta zauna a benci a barandar hukuma tun ƙarfe tara. Ba a ba ta izinin shiga ba. Dakta aka ba minti biyar, bayan an gama maganar rufin wasu azuzuwa da iska ta yaye. Ta ga shigarsa da fayil a hammata, ta ga fitowarsa, bai ma kai minti biyar ɗin ba. Ya zauna a gefenta, ya ɗora fayil ɗin a cinya.

"Sun ce me?"

"Sun ce rahoto yana da hatimi, wasiƙata ba ta da shi. Sun tambaye ni ko lissafin rahoton kuskure ne, na ce lissafin daidai ne, abin da aka lissafa ne ba daidai ba. Shugaban zaman ya ce shi bai ga bambanci ba. Wani ya ce in da gaske ana ɓoye yara, ina takarda? Na nuna taki. Ya ce hannu ɗaya ne, kuma na mai ajin."

"Farfesa fa?"

"Ya ce in bari ya dawo daga tafiya mu duba." Ya dubi fayil ɗin. "Sun riga sun raba malaman ajin karatu zuwa wasu azuzuwa, Mama. Tun kafin a zauna aka buga jerin. Na gani a kan tebur."

Ta gyaɗa kai.

"Zan sake binciken," in ji shi. "Wannan karon da ƙafata zan je. Zan ƙirga yara da safe a aji, in zagaya bayan gini kafin in karɓi kowace takarda. Ɗalibaina ma haka zan koya musu."

"Zai ɗauki wane lokaci?"

"In an amince, shekara biyu. Ko uku."

"Nawa suna aji biyar yanzu," in ji ta. "Shekara ɗaya ta rage musu."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta yi masa godiya har zuciya, ta ce Allah ya yi masa albarka. Ya rako ta har bakin titi, ya tsaya har ta samu mota.

Ranar da aka rufe ajin ba ta yi wa yaran dogon bayani ba. Ta ce musu daga yau kowa zai zauna a ajinsa daga safe har tashi. Ta raba musu kwalayen kalmomin, kowa goma, ta ce su riƙa dubawa a gida. Sannan ta jera su layi uku ta raka su, aji bayan aji.

A ajin ƙarshe da ta kai su, malamin yana tsakiyar shifta. Ya ɗaga kai ya ga layin yara goma sha uku a bakin ƙofa, ya ce, "An dawo min da kayana ke nan? To ku wuce baya, ku yi a hankali, kada ku taka mutane." Bencin baya ya riga ya cika. Suka zauna a ƙasa, a jikin bango, suka ɗora littattafai a gwiwa. Malamin ba mugu ba ne, yara saba'in ne a gabansa, kuma minti ashirin ya rage masa. Ya koma kan takardarsa ya ci gaba da karantowa.

Uwar Aji ba ta tafi ba. Ta tsaya a waje, ta gefen taga, inda take hango ta ƙarshen layi, wata yarinya mai tabo a haɓa. Yarinyar ta kasa kunne, ta kama kalmar farko, ta sunkuya. Ta rubuta baƙin, ta sa masa wasalinsa, leɓunanta suna motsi. Ta rubuta gaɓa ta biyu, ta ta uku. Kalmar ta fita daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ta ɗago kai don ta karɓi ta gaba, sai ta tarar malamin yana jimla ta huɗu.

Ta dubi na damanta, ta dubi na hagunta. Ta ɗan jira ko zai maimaita. Sannan ta ajiye fensirin a tsakiyar littafin, ta rufe, ta rungume shi a ƙirji.